Kwana Huɗun da Suka Zama Goma Sha Biyu

A shekara ta biyu da aurenmu surukina ya yi mana kyautar tafiya Zanzibar, ni da matata. Ba daga bakinsa muka ji ba. Matata ce 'yarsa ta fari, kuma a gidansu har yanzu ana riƙe da kunyar ɗan fari yadda aka gada. Ba ya kiran sunanta, ba ya zaman hira da ita, in ta durƙusa ta gaishe shi sai ya amsa yana kallon wani wuri. Duk abin da yake so ta sani sai ya gaya wa yayarsa, gwaggon da ta raine ta, ita kuma ta kawo. Ni da nake suruki, kuma mijin 'yar fari, nawa nisan ya ninka. Tun da aka ɗaura aure ba na jin mun taɓa yin maganar da ta wuce gaisuwa.

Saƙon da gwaggo ta kawo shi ne, tun ranar da yarinyar ta gama makarantar koyon jinya Alhaji ya yi niyyar wata rana za ta ga teku. Ga shi asibiti sun ba ta hutu, don haka an riga an sa ranar tashi. Ranar dawowa ce ta rage. Mu faɗi kwana nawa muke so mu yi a tsibirin, mai yankar tikiti a Kano yana jira.

Sai na faɗi halin da nake ciki a lokacin kafin a gane abin da ya sa ban yi murna yadda ya kamata ba. Na yi digiri a fannin aikin gona, na yi bautar ƙasa, na shekara uku ina kai takardu ofis-ofis ba wanda ya kira ni. Gidan da muke zaune a Funtua na Alhaji ne. Albashin da ke shigowa gidan na matata ne. A majalisar da nake zama da yamma, in na miƙe zan tafi, akwai mai cewa, "A gaida 'yar Alhaji," sauran su yi dariya, ni ma in yi. Abu ɗaya ne tak babu hannun surukina a ciki, wato gonar da na gada wajen mahaifina a gefen Gozaki, wadda ba ta kai eka uku ba. A daminar nan na shuka ta da waken suya. Ni na zaɓi irin, ni na tsaya a kan shuka da feshi da noma, ina hawa babur in je in dawo. Ina so in girbe shi da kaina, in ɗora buhunan a mota in kawo gida, ko da guda nawa ne, mutane su gani.

Wanda bai noma waken suya ba zai iya ɗauka kamar masara ne, wadda in ta bushe za ta tsaya ta jira ka. Shi ba ya jira. Ganyen zai yi rawaya ya zube, kwanson ya yi ja, in ka girgiza karan ka ji yana ƙara. Daga nan 'yan kwanaki ne gare ka. In ka yi sakaci rana ta buge shi, kwanson ya dinga fashewa yana watsa ƙwayar a ƙasa.

Na ɗauko littafin da nake rubuta al'amuran gona na yi lissafi. In ban yi kuskure ba, waken zai isa yanka kamar kwana goma bayan ranar tashinmu. Hanya kaɗai za ta ci kwana huɗu, biyu zuwa biyu dawowa, tunda sai mun je Kano, kuma jirgin sai ya sauka a wata ƙasa an sake wani. In muka yi kwana huɗu a can, za mu dawo saura kwana biyu, in samu damar neman 'yan ƙwadago. Na kuma duba waya in ga abin da waɗanda suka je suke cewa. Kusan kowa cewa yake ƙasa da mako guda ɓata tafiya ne, wasu su ce kwana goma. Ban yarda da su sosai ba. Na lura a ƙasan kowane rubutu akwai hoton otel da wurin dannawa, sai na ce a raina wataƙila ba don Allah suke ba da shawarar ba.

Na ce wa matata, "Kwana huɗu ina ganin zai isa."

"Huɗu?"

"Eh. Saboda waken."

Ta ce to, za ta gaya wa gwaggo.

Bayan kwana biyu mai yankar tikiti ya bugo mini waya, da fara'arsa, wai yana so ya tabbatar da yadda ake rubuta sunana. Kafin ya ajiye ya ce, "Kai ka more, Malam. Kwana goma sha biyu a bakin teku."

Na ce ina jin akwai kuskure, huɗu muka ce.

"Ni dai sha biyu Alhaji ya ce. Kuma gaskiya huɗu ba ta yi ba, ko gajiyar jirgi ba za ku sauke ba."

Na roƙe shi kada ya yanki na dawowa tukuna. Na zauna da biro. Sha biyu da huɗu, sha shida. Ke nan waken zai yi kusan mako guda a tsaye bayan ya nuna.

Daga nan zuciyata ta fara saƙa. Alhaji ɗan kasuwar hatsi ne, yana da sito a Funtua da Dandume, kuma waken suya na cikin abin da ya fi saye. Mutumin da ya shekara talatin yana wannan harka ba zai rasa sanin lokacin yanka ba. Ya san na shuka, domin ba abin da ke ɓuya. To me zai sa ya ninka kwanakin sau uku? Abin da ya zo mini shi ne, ana so in yi nisa, yaransa su shiga gonar su yanke, su casa, su kai sitonsa, in na dawo a ce mini an taimake ni. Ba na ce zai ci mini ko tiya ɗaya ba, ban taɓa jin an zarge shi da haka ba. Amma daga ranar gonar ta shiga cikin abubuwan da Alhaji ya yi mini, kuma ba zan iya buɗe baki in ce komai ba sai godiya.

Wani abu ya ƙara mini zargi. Da na je gona a makon, maƙwabcin gonata, wani dattijo mai noman dawa, ya ce ya ga farar mota ta tsaya a bakin hanya shekaranjiya, ba wanda ya fito, ta wuce. Fararen motoci suna da yawa, na sani. Amma ta Alhaji ma fara ce.

Har matata sai da na zarga, kuma wannan ne abin da na fi jin nauyin rubutawa. Na ga tana gugar atamfofi fiye da na kwana huɗu. Na tambaye ta, cikin sigar da na ɗauka wasa ce, ko nawa ta faɗa wa gwaggo.

"Abin da ya dace na faɗa," in ji ta, ba ta ɗago daga gugar ba.

"Huɗu ke nan."

"Yallaɓai, miƙo mini mayafin can."

In ta kira ni Yallaɓai to ba ta son maganar. Na miƙa mata mayafin na fita.

A nan na yi dabarar da a lokacin na ga kamar ta masu ilimi ce. Na ce tunda duk abin da na aika yana dawowa da ƙari, bari in aika da ƙasa da abin da nake so. In huɗu ta zama sha biyu, biyu za ta zama shida, ko ma biyar in Allah ya taimake ni. Kuma wannan karon ba zan bi ta kan matata ba. Na buga wa gwaggo waya da kaina, na gaishe ta, na tambayi ƙafarta da ke ciwo, sannan na ce don Allah a gaya wa Baba mun gode ƙwarai, amma kwana biyu ma ya wadatar.

Ta ce, "Biyu."

Na ce, "Eh, Gwaggo."

Ta ce to, ta ajiye.

Washegari da hantsi na ji sallamarta a tsakar gida. Matata ta shimfiɗa mata tabarma, ta kawo ruwa, gwaggo ba ta ko kalli ruwan ba. Na fito na durƙusa daga gefe.

"Malam mai digiri," ta ce, "me ƙanena ya yi maka?"

"Wallahi ba komai, Gwaggo, sai alheri."

"To me ya sa za ka mayar masa da kyautarsa a fuska? Mutum ya ɗauke ku a jirgi, ya tsallaka da ku ƙasa da ƙasa, ka ce kwana biyu? Ko biki na je Malumfashi ina yin uku. Ai da ka fito fili ka ce ba ka son abin hannunsa, da ya fi."

"Ba haka nake nufi ba. Da farko huɗu na ce."

"Shida dai," in ji gwaggo.

Na waiwaya na kalli matata. Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin tabarma.

"Huɗu ya ce, Gwaggo," ta faɗa a hankali. "Na ɗauka kara yake yi, sai na ce shida."

"To ai daidai kika yi. Ni ma da kika ce shida na san kunya ce, na ce masa tara. Shi kuma ya za a yi ya ba 'yarsa daidai abin da aka roƙa, kamar mai awo a kasuwa? Ya cika sha biyu." Ta juyo gare ni. "Kai a ina aka raine ka? Wa ka taɓa gani an tambaye shi a gidan surukai nawa yake so, ya faɗi gaskiyar abin da ke ransa? Ai ragewa ake yi, na tsakiya su gyara."

Na ce ni gaskiyar na faɗa, domin akwai waken suya da zai nuna.

"Wake? Don wake kake ta wannan? Ga yaran Alhaji nan birjik, kwana ɗaya za su yanke maka shi su kai sito, kana can kana shan ruwan kwakwa."

Bayaninta na farko ya kusa kwantar mini da hankali, domin na san haka ake yi. Ni kaina na sha cewa na ƙoshi a gidan mutane alhali yunwa nake ji, a kuma ƙaro mini. Amma wannan maganar ta ƙarshe ta fito da sauƙin da ya sa na yi tunanin ba yau aka fara yin ta ba. Wataƙila daga kanta ta faɗa. Wataƙila kuma ta ji ta a wani wuri.

"Kin gaya wa Baba maganar kwana biyun?" na tambaya.

"Ni mahaukaciya ce? Na riƙe ta a nan." Ta dafa ƙirji. "In kana da bakin faɗa, je ka faɗa masa."

Ina jin gatse ta yi. Amma bayan ta tafi na ga ba wata hanya. Duk lambar da ta bi ta hannun wani sai ta canza, kuma maganar waken ko sau ɗaya ba ta isa inda na aike ta ba. Matata ta ce ba a yin haka, za a ce na yi rashin kunya. Na ce na sani. Na tambaye ta, tsakani da Allah, kwana nawa take so ita.

"Yanzu ka tuna ka tambaya?"

Ta naɗe tabarmar da gwaggo ta zauna a kai ta shige ɗaki.

Bayan la'asar na je sitonsa na Funtua. Yana zaune a kan darduma a ƙofar sito tare da amininsa, wani tsoho mai farin gemu da suka taso tare, ana sauke masara daga wata babbar mota. Na cire takalmi tun daga nesa, na tsuguna a ƙasa, na gaishe su. Alhaji ya amsa yana kallon masu sauke kaya. Na ga alamar ya yi mamaki, don carbin hannunsa ya tsaya.

Na shirya magana mai tsawo a hanya, amma abin da ya fito kaɗan ne. Na ce, "Baba, Allah ya ƙara girma, mun gode da abin arziki. Sai dai akwai ɗan waken suya da na shuka, ina tsoron kada ya fashe muna can."

Bai kalle ni ba. Ya juya wajen amininsa ya ce, "Tambayi malamin nan yaushe ya shuka."

Tsohon ya dube ni yana murmushi. "Ka ji. Yaushe ka shuka?"

Na faɗa.

"Tambaye shi mai saurin nuna ne ko mai jinkiri."

Na faɗi irin, na ƙara da adadin kwanakin da aka rubuta a jikin buhunsa. Alhaji ya ɗan motsa yatsu a kan gwiwa, ina jin ƙirga yake.

"Takarda ke nan," ya ce wa tsohon. "Bana ruwa zai ɗauke da wuri. Gaya masa kada ya damu, in ya nuna za a yanke masa."

Ga ta nan, daga bakinsa. Na san in na ce na gode, shi ke nan. Na sunkuyar da kai har ina ganin ƙwayoyin masarar da suka zube a ƙasa, na ce, "Baba, a gafarce ni. Noman farko ne. Ina so in yanka da hannuna, don in koya. In da hali kada a wahalar da kowa."

Tsohon ya daina murmushi. Wani ɗan dako ya wuce da buhu a ka yana kallonmu.

"Ka ji," in ji Alhaji daga baya. "Ya ce kada a taɓa."

"Na ji," in ji tsohon.

"To nawa yake so?"

Na ce huɗu, in an yarda.

"Shida," ya ce wa amininsa. "Huɗu nasa, biyu na yarinyar." Ya ɗaga murya ya kira direban motar, na gane an sallame ni.

Shida da huɗu goma. Ranar da littafina ya ce waken zai isa yanka, ranar za mu sauka Funtua. Na ce wa kaina ba laifi, akwai sauran 'yan kwanaki kafin ya fara fashewa.

Tsibirin yana da kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Yashin fari ne kamar gari, ruwan kuma wani launi ne da ban san sunansa ba. Akwai masallatai ko'ina, mata da lulluɓi kamar a gida, sai dai kifi da kwakwa a kusan kowane abinci. Matata ta shiga ruwa har gwiwa da doguwar rigarta tana dariya, irin dariyar da ban taɓa jin ta yi a Funtua ba. Ni kuma kullum bayan azahar sai in nemi inda waya ke kamawa in kira maƙwabcin gonata.

"Baba, ya gonar?"

"Lafiya lau, Malam. Ya baƙunta?"

"An yi ruwa?"

"Ana dai sa rai."

"Waken fa?"

"Yana nan, alhamdu lillahi. Ka sha hutunka."

Kwana huɗu, amsa ɗaya. Na san ba a gaya wa matafiyi abin da zai tayar masa da hankali, don haka lafiya lau ɗin nan ba ta gaya mini komai ba. Wani lokaci in ce an riga an yanke, an roƙe shi ya yi shiru. Wani lokaci in ce a'a. A rana ta biyar matata ta karɓe wayar ta jefa a jakarta, ta ce kwana biyun nan nata ne, da bakin Baba, in bar mata su. Na bar mata, ko da yake ba da dukan zuciyata ba.

Mun iso Funtua da safe. Na ajiye ta da kaya, ko wanka ban yi ba na hau babur. Rana ta take lokacin da na isa. Tun daga bakin hanya na ga waken yana tsaye, ba wanda ya taɓa shi, na ji wani sanyi a raina. Da na shiga ciki sai na fara jin ƙarar, ƙas, ƙas, nan da can. Ɓangaren tudu duk ya bushe ƙamas, kwansuna sun murɗe sun buɗe, ƙasa ta yi fari da ƙwaya. Tun washegarin tafiyarmu ba a sake ruwa ba.

Maƙwabcina ya taho yana jan ƙafa. Na ce, "Baba, ai ka ce lafiya lau."

"To me za ka yi daga tsakiyar teku?" Ya tsuguna ya ɗebi ƙwayar a tafin hannu ya hura. "Surukinka ya zo sau biyu. Na farko ya shiga ya girgiza kara ɗaya ya fita. Na biyu, shekaranjiya, ya daɗe a tsaye a can tudun. Na ce, Alhaji, ga mutanena suna yankan dawa, in sa su su taimaka? Ya ce a'a, mai gonar ya ce kada a taɓa."

A ranar na nemi 'yan ƙwadago, muka fara yanka washegari da sassafe, lokacin da raɓa ke riƙe kwanson. Kwana uku muka yi. Ban auna abin da ya zube ba, amma ina jin ya kai kashi ɗaya cikin huɗu, wataƙila ya ɗan fi. Matan ƙauyen suka shiga kala bayanmu da ƙwaryoyi. Abin da ya rage na casa a kan tamfol, na ɗora a motar haya, na zauna a kan buhunan har ƙofar gida. Na sa direban ya bi ta gaban majalisarmu, ko da yake ba nan ce hanya mafi kusa ba.

Ranar Juma'a na kai wa Alhaji tsarabar kanumfari da turare. Na tsuguna inda na tsuguna wancan karon. Ya karɓa ta hannun amininsa, ya sa albarka, ya ce a tambaye ni ya hanya, ya kuma mutanen can, ko suna salla a kan lokaci. Na amsa duka. Na ɗan jira ko zai ce a tambaye ni gona. Bai ce ba.

Har yau ban san yadda zan ɗauki tsayuwar da ya yi a tudun nan ba. Mai yiwuwa girmama maganata ya yi, yana kallon wake na zuba, abin da na tabbata ya yi wa mutum irinsa ciwo. Mai yiwuwa kuma so ya yi in gani da idona abin da maganar tawa ta jawo. Na taɓa tambayar matata wanne take gani. Ta ce ita ba ta taɓa hira da shi ba, ina za ta sani.